Littafi a Hannun Ɗalibi: Nazari kan Kayan Koyar da Adabi da Matsayin Waƙafi

  

A kowace shekara mukan keɓe wasu shafuka na wannan rahoto domin nazarin wata mas'ala guda da ta taso mana a wurin aiki, saboda masu ba da dukiyarsu da kwamitocin masallatai su san dalilin da ya sa muke karkata wani kaso na amanar da suka ba mu zuwa wani wuri. Mas'alar bana ta samo asali ne daga takardar roƙo da wata malamar Hausa ta wata sakandaren 'yan mata ta aiko mana, tana neman gidauniya ta saya wa ɗalibanta littattafan adabi da za su yi jarrabawa a kansu. Da aka karanta takardar a zaman kwamiti, sai wani dattijo daga cikinmu ya ce: "Malam Sakatare, yanzu dukiyar bayin Allah za mu ɗauka mu sayi littattafan tatsuniya, ga marayu ga marasa lafiya suna jira?" Tambayar tana da nauyi, kuma mai yin ta mutum ne mai tsoron haƙƙi. Kwamiti ya ɗage maganar, ya ɗora mana alhakin mu je makarantu mu gani da idonmu, mu duba abin da masu bincike suka gano, mu kuma koma ga littattafan fiƙihu. Abin da muka samo shi ne muke gabatarwa a nan.

Abin da muka tarar a azuzuwa

A makarantar da takardar ta fito, mun shiga aji mun tarar malamar tana koyar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwafi ɗaya ne a ajin, shi ne na hannunta, bangonsa ya fita an liƙe shi da gam. Ta karanta shafi guda a bayyane, sannan ta juya ga allo ta shiga rubuta taƙaitaccen labarin, da sunayen taurari, da jigo. Ɗalibai suka duƙufa suna kwafa, har aka buga ƙararrawa ba a yi wata tattaunawa ba. Da muka tambayi wata ɗaliba mene ne jigon littafin, nan take ta ce bauta. Muka ce: "To, 'yata, a wane wuri cikin labarin kika fi jin zafin bautar?" Sai ta sunkuyar da kai. Ba ta san yadda mahaifiyar Umar ta ratsa hamada tana neman ɗanta ba, domin ba ta taɓa riƙe littafin a hannunta ba. Ta haddace amsar tambaya ɗaya, kuma da zarar an sauya yanayin tambayar, abin da ta haddace ba ya amfaninta.

A wata makarantar kuma akwai littattafan, amma suna cikin kabad a ofishin shugaban makaranta, wasunsu ko ledar ba a cire ba. Shugaban bai ɓoye mana dalilinsa ba. Ya ce idan ya raba su, kafin zango biyu rabinsu sun yage ko sun ɓace, kuma ranar da masu bincike suka zo ƙirga kaya shi za a tuhuma, ga shi bai san ranar da za a sake kawo wasu ba.

A wata makarantar Larabci da addinin Musulunci, ɗalibai suna nazarin ƙasidun Larabci ne daga takardun da aka yi ta ɗaukar hotonsu daga hoton wani hoton, har ɗigogin haruffa suka dushe. Ɗalibi ba ya iya rarrabe ba'un da ta'un da ya'un, balle a yi maganar wasali. Duk wanda ya yi karatun Larabci ya san cewa ɗigo guda yakan juya ma'anar baiti gaba ɗaya.

Waɗannan azuzuwa uku ba su wakilci dukkan makarantu ba, amma sun nuna mana fuska uku ta matsala ɗaya: babu littafin, ko akwai shi an kulle, ko yana hannu amma ba ya karantuwa.

Abin da ya bambanta adabi da sauran darussa

Malamin lissafi da ya ƙware yana iya koyar da babi guda da alli da allo kawai, domin ƙa'idar da yake koyarwa tana tsayuwa da kanta ko a wane littafi aka rubuta ta. Adabi ba haka yake ba. A darasin adabi, matanin da kansa shi ne abin da ake nazari. Wanda aka ba shi labarin Ruwan Bagaja a taƙaice ya san cewa Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun yi ta shirya wa juna makirci, amma bai ɗanɗani harshen Abubakar Imam ba, bai ga yadda yake gina raha ba, bai ci karo da karin maganar da yake saƙawa cikin zance ba. Waɗannan kuwa su ne ake kira salo, kuma a kansu masu jarrabawa suke tambaya. Gani ya kori ji.

Manhajar Hausa ta babbar sakandare, wadda hukumomin WAEC da NECO suke jarrabawa a kanta, ta raba adabi gida biyu: na baka da rubutacce. Rubutaccen ya ƙunshi zube da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma kowane ɗaya yana da irin kayan da yake bukata.

Zube yana bukatar lokaci mai tsawo wanda awannin aji ba za su taɓa wadatar da shi ba. Dole ɗalibi ya tafi da littafin gida, ya karanta babi bayan babi, ya dawo aji da tambaya. Idan littafin bai kwana a hannunsa ba, darasin yakan koma shifta.

Rubutacciyar waƙa tana bukatar ido da kunne a tare. Ɗalibi ba zai gane amsa-amo da yawan ɗango a baiti ba sai yana kallon shafin, kuma ba zai ji karin waƙar ba sai an rera ta. Waƙoƙin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu cike suke da kalmomin Larabci da tsofaffin kalmomin Hausa waɗanda yaron birni na yau bai taɓa ji ba. Saboda haka ajin waƙa yana bukatar ƙamus, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, ko da kwafi biyu ne a makaranta.

Wasan kwaikwayo an rubuta shi ne domin a raba matsayi a karanta, wannan ya zama miji, waccan ta zama uwar gida, wancan ya zama alƙali. Ba a raba matsayi da kwafi ɗaya.

Adabin baka kuwa, musamman waƙoƙin makaɗa irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, idan aka zuba shi a takarda kawai an bar rabinsa a baya, domin babu kiɗa, babu muryar 'yan amshi, babu hawa da saukar murya. Ƙaramar lasifika mai caji da katin ajiyar sauti sun isa su mayar wa darasin da ransa, kuma kuɗinsu bai kai na buhun siminti biyu ko uku ba.

Shi ma malamin yana da nasa kayan. Littattafan nazari kamar Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, da Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo, da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, su ne suke nuna wa malami yadda ake warware matani mataki-mataki. Mun haɗu da malaman da rabonsu da ganin waɗannan littattafai tun suna kwalejin ilimi. Inda aka rasa matani aka rasa jagora, abin da yake cike gurbin shi ne 'yan ƙasidun tambaya da amsa da ake sayarwa a bakin makaranta. Ɗalibi ya haddace su, ya shiga jarrabawa, a kawo masa wani baiti a ce ya fito da adon harshen da ke ciki, ya rasa ta cewa.

Abin da bincike ya nuna

Mafi yawan binciken da aka yi da awo mai inganci a kan tasirin littafi, a makarantun firamare aka yi shi, amma darasinsa ya shafi duk mai niyyar kashe kuɗi a kan littattafai.

A ƙasar Filifin, a ƙarshen shekarun 1970, gwamnati tare da tallafin Bankin Duniya ta buga littattafai masu ɗimbin yawa, har aka rage yawan ɗaliban da ke tarayya a littafi ɗaya daga kimanin goma zuwa biyu. Nazarin da Stephen Heyneman da abokan aikinsa suka wallafa a 1984 ya nuna cewa ƙwazon ɗalibai ya ƙaru sosai, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi cin moriya. Ya kuma nuna cewa babu wani babban bambanci tsakanin ajin da kowane yaro ke da littafinsa da ajin da yara biyu ke tarayya a ɗaya. Wannan albishir ne ga gidauniya mai ƙaramin ƙarfi irin tamu: idan ba za a iya ba kowa ba, littafi ɗaya ga ɗalibai biyu ma babban ci gaba ne.

A yammacin Kenya kuwa sakamakon ya zo da gargaɗi. Daga 1996 wata ƙungiyar agaji ta raba littattafai a wasu makarantun karkara da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka bi diddigin sakamakon, suka wallafa shi a 2009. Sun tarar matsakaicin makin ɗalibai bai ƙaru ba, sai na waɗanda dama can su ne kan gaba a aji. Dalilin da suka bayar shi ne, littattafan da Turanci aka rubuta su, Turanci kuwa harshe na uku ne ga yawancin yaran, saboda haka da yawansu ba sa iya karanta abin da aka ba su.

A Saliyo an yi rabon littattafai ga makarantun firamare a 2008. Masu binciken Bankin Duniya, a rahoton da suka fitar a 2014, sun tarar babu wani tasiri a kan sakamakon ɗalibai, domin shugabannin makarantu da yawa sun adana littattafan ba su raba ba, saboda ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. Wannan shi ne ainihin abin da shugaban makarantar nan ya faɗa mana a ofishinsa, ba tare da ya taɓa jin labarin Saliyo ba.

Daga baya, wani nazari da Benjamin Piper da abokansa suka wallafa a 2018, a Kenya ɗin dai, ya gwada abubuwa uku: horar da malamai, da ƙarin littafi ga kowane ɗalibi, da ƙarin jagoran malami mai tsararrun darussa. Horon shi kaɗai bai tsinana wani abin kirki ba. Da aka haɗa shi da littafi sakamako ya gyaru, da aka ƙara jagoran malami kuma sai ya fi gyaruwa.

Girman ƙarancin ma an auna shi. Wata takarda da hukumar UNESCO ta fitar a 2016 ta ce a Kamaru, a 2012, ɗalibai 12 ne na aji biyu na firamare ke tarayya a littafin karatu ɗaya.

Idan aka haɗa waɗannan, ana iya cewa littafi yana ɗaga ƙwazon ɗalibi bisa sharuɗɗa huɗu: ya kasance cikin harshe da matakin da ɗalibin zai iya karantawa, ya isa hannunsa da gaske, malami ya san yadda zai yi aiki da shi, kuma a sami tabbacin maye gurbinsa idan ya tsufa. A sharaɗi na farko adabin Hausa yana da sa'ar da littattafan Kenya suka rasa, domin da harshen da yaron yake magana a gida aka rubuta shi. Sharaɗi na huɗu kuwa, wato ɗorewa, shi ne abin da kyautar lokaci ɗaya ba ta iya bayarwa, kuma shi ne aka shar'anta waƙafi dominsa.

Amsa ga dattijonmu

Kafin mu shiga hukuncin dukiya, ya kamata mu amsa tushen tambayar: shin adabi ya cancanci a kashe masa dukiyar sadaka?

Magabata ba su ɗauki adabi a matsayin wasa ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yakan kafa hujja da waƙoƙin Larabawa wajen fassara baƙin kalmomin Alƙur'ani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saurari waƙar Ka'abu ɗan Zuhairu, ya kuma ƙarfafa Hassanu ɗan Sabitu a kan kare Musulunci da harshensa. A ƙasarmu, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta, ya ambaci Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan nan shida na Jahiliyya cikin abin da ya ɗauka daga yayansa Shehu Usmanu. Har yau a zaurukan malamanmu ana karanta Muƙamatul Hariri domin ƙwarewa a lugga. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta koyar da matan karkara: jajis ɗin 'Yan Taru sukan ɗauki waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci su kai ƙauyuka, su ne littafin karatunsu.

Akwai kuma wani darasi a tsarin zaure da ya dace mu lura da shi. Almajirin ilimi ba ya zama gaban malami hannu rabbana. Yakan zo da kwafinsa, ko ya saya a kasuwa irin ta Kurmi, ko ya ara, ko ya kwafa da hannunsa. Shi yake janyo baƙi, malam yana fassarawa, yana rubuta ma'anar kalma a gefen shafi. Kakanninmu, da ƙarancin takarda da tsadarta, ba su yarda a yi karatu babu matani a gaban ɗalibi ba. Mu da muke zamanin injin ɗab'i ne muka yarda da haka.

Rubutaccen zuben Hausa na boko ma daga wannan bukata ya tsiro. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, domin an koya wa mutane karatu amma babu abin karantawa. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Magana Jari Ce, wadda ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, domin makarantu aka rubuta ta. Da yawa cikin dattawan da ke karanta wannan rahoto a bakin akun nan mai ba Musa labari suka koyi karatun Hausa da kyau.

Ɗalibin da ya saba bin dogon labari daga farko zuwa ƙarshe, yana rarrabe maganar marubuci da ta tauraro, yana gane habaici da kinaya, shi ne gobe zai iya karanta fatawa ya fahimci ƙaidinta, ya karanta takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya ji saƙon da ake yaɗawa a waya ya auna shi kafin ya tura. Ga marainiyar da gidauniya ke biya wa kuɗin jarrabawa kuwa, faɗuwa a darasi guda tana iya zama sanadin rasa gurbin kwaleji, kuma kuɗin da muka biya ya tafi ke nan. Taimakon maraya da sayen littafinsa aiki ɗaya ne.

Zakka da waƙafi: kowanne da mazauninsa

A nan wajibi ne mu yi taka-tsantsan, domin asusun biyu ba ɗaya ba ne. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka gida takwas, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa zakka mallakawa ake yi ga wanda ya cancanta, ba a gina makaranta ko masallaci da ita. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah har ta haɗa da ayyukan ilimi, amma mazhabobi huɗu ba su tafi a kan haka ba, kuma gidauniyarmu ta zaɓi hanyar da ta fi kuɓutar da wuya. Saboda haka ba ma sayen littattafan ɗakin karatu da kuɗin zakka, domin ɗan mai hali da ɗan talaka duk za su yi amfani da su, kuma babu wanda ya mallake su. Abin da ya halatta shi ne a ba waliyyin ɗalibi matalauci rabonsa na zakka, ko ya wakilta mu mu saya wa ɗansa littafin da kuɗin, littafin ya zama mallakin yaron.

Littattafan da za su zauna a makaranta ana aronsu shekara bayan shekara, mazauninsu waƙafi ne, wanda a wasu garuruwanmu ake kira hubusi. Asalinsa hadisin Sayyidina Umar ne a kan gonarsa ta Khaibara, inda aka shawarce shi ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Dalilin halaccin waƙafin abin da ake ɗauka a motsa kuwa, malamai sun kafa hujja da Khalidu ɗan Walidu, wanda ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana da yalwa a wannan babi. Shehu Khalil a Mukhtasar ɗinsa ya ambaci littafi a fili cikin misalan abin da ake yin waƙafinsa. Mazhabar ta kuma halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci, ta halatta sayar da abin waƙafi wanda ba ƙasa ko gini ba idan ya daina amfanuwa, a sa kuɗin a cikin irinsa. Ma'ana, littafin da ya ruɓe har ba ya karantuwa ana iya fitar da shi a maye gurbinsa. Amma wanda aka cire daga manhaja yana nan da lafiyarsa bai daina amfani ba, sai a mayar da shi kantar karatun nishaɗi.

Musulmi sun daɗe da wannan aiki. Ɗakin karatu na Masallacin Ƙarawiyyin da ke Fas a Maroko, wanda Sarki Abu Inan ya kafa a 1349, da littattafan waƙafi aka cika shi, kuma Ibn Khaldun da kansa ya yi waƙafin kwafin littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar, ga ɗaliban wannan masallaci a shekara ta 799 bayan Hijira. Har yau ana ganin rubutun waƙafin a jikin kwafin.

Akwai wani abu da ya sa waƙafi mai kawo riba ya fi sayen littattafai sau ɗaya. Hukumomin jarrabawa, har da NBAIS mai kula da makarantun Larabci da addinin Musulunci, sukan sauya littattafan da suka wajabta bayan 'yan shekaru. Ko ba a sauya ba, littafin da ke yawo a jakar ɗalibi cikin damina da ƙurar hunturu yana da iyakar kwanansa. Shago ɗaya ko ɗaki ɗaya na haya da aka yi waƙafinsa, aka shar'anta cewa kuɗin hayarsa na littattafan makarantar unguwa ne, zai riƙa sabunta su kowace shekara. Shugaban makarantar da ya san cewa baɗi ma za a kawo, ba shi da sauran dalilin kulle kabad.

Abin da muke nema

Bayan an gabatar da wannan nazari, kwamiti ya amince a buɗe wani reshe a asusun waƙafi mai suna waƙafin littafi, kuma dattijon da ya yi tambayar shi ne ya fara neman a rubuta sunansa. Tsarin da muka tsayar shi ne kamar haka.

Ba za mu sayi littafi ba sai malamin darasin ya kawo sunansa daga manhajar da ake aiki da ita a shekarar, domin mun sha ganin masu niyyar alheri sun tara kwali-kwali na littattafan da babu mai bukatarsu. Za mu fara da littafi ɗaya ga ɗalibai biyu, tare da jagoran nazari da ƙamus ga malami. Za mu saya daga halastattun mawallafa da wakilansu, domin bugun sata cin haƙƙin marubuci ne, kuma bai dace a nemi lada da abin da aka zalunci wani a kansa ba. Kowane kwafi za a buga masa hatimin waƙafi, a rubuta cewa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Kuma za a rubuta cikin takardar yarjejeniya da makaranta cewa ɗalibi zai tafi da littafin gida, kuma ba za a tuhumi shugaba ko malami a kan tsufan da amfani ya jawo ba. A fiƙihu mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya lalace ba da sakacinsa ba.

Ga kwamitocin masallatai, roƙonmu shi ne kowane kwamiti ya ɗauki makaranta ɗaya da ke kusa da shi, ya naɗa mutum ɗaya mai ilimi da natsuwa a matsayin nazirin waƙafin. Aikinsa ya ziyarci makarantar sau ɗaya a zango, ya duba rajistar aro, ya shiga aji ya ga ko littattafan suna kan tebur. Kada ya yi murna idan ya tarar da su sababbi fil a ƙarshen shekara, domin wannan alama ce ta ba a buɗe su ba. Littafin waƙafi da gefensa ya yi duhu saboda yatsun yara shi ne wanda ladansa ke gudana. Masallatan da ke da ɗaki a gefe da wutar sola suna iya buɗe shi tsakanin Magariba da Isha'i ga ɗaliban da babu haske a gidajensu, a kuma keɓe wa 'yan mata lokacin rana a ƙarshen mako ƙarƙashin kulawar wata malama.

Ga masu bayarwa, mun san cewa zuciya ta fi karkata ga abin da ido ke gani, kamar hasumiya da tayil da fenti, kuma duk alheri ne. Amma hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira a kan ayyukan da ba sa yankewa bayan mutuwa ya ambaci sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi, kuma waƙafin littafi ya haɗa biyun. Wanda ba shi da shagon da zai bayar yana iya sayen kwafi biyar ko goma da sunan mahaifansa da suka rasu. Wanda yake da tsofaffin littattafan adabi a gida, tsutsa na cinsu a cikin akwati, ya kawo su a tantance. Malaman Hausa da na Larabci da suka yi ritaya kuma muna bukatar lokacinsu, su zauna da matasan malamai su nuna musu yadda ake feɗe waƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A rahoton baɗi, in Allah ya kai mu, za mu kawo muku lissafin abin da aka tara da abin da aka saya, da yadda sakamakon ɗaliban ya kasance, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Za mu kuma koma ajin nan na farko mu sake yi wa 'yan matan tambayar da muka yi musu.

Allah ya karɓi zakkar masu zakka da waƙafin masu waƙafi, ya sanya albarka a abin da suka rage, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. 

Sakataren Gidauniya